Guguwar da Na Gani Bisa Morai

Wallahi abin nan ni ya faru da shi, ba ji na yi ba. Shekarun baya ina aiki a wani ɗan ofishin hasashen yanayi a Talata Mafara, aikina kallon hotunan tauraron ɗan Adam masu auna zafi, inda gajimare mai sanyi ke fitowa fari fat. In farin ya fara juyawa kamar ana dama fura, har ya buɗe baƙin ido a tsakiya, to guguwar teku ce aka haifa. Kuma ku sani, ba a haihuwarta bisa tudu, sai kan ruwan teku mai ɗumi.

Wata damina ruwa ya ɗauke, gero ya fara nannaɗewa, mutanen garinmu Morai suka fita roƙon ruwa, har da mahaifina, tsoho mai fama da ƙirji. Ranar roƙon da hantsi na duba hoto, sai ga farin nan yana juyawa da idonsa, daidai bisa Morai. Na leƙa waje, rana ƙwal. Na kira abokan aiki a Bakura da Maradun, suka ce ba su ga komai ba, ɗaya har da tambayata ko na karya kumallo.

Nan take na kira Baba na roƙe shi ya koma gida.

Ya ce, "Muna hili, mun juya riguna, ba a tahiya a bar roƙo. Amma sanyi muke ji. Kuma akwai sahu bayanmu masu amsa amin, ba mu san su ba."

Na hau babur ina zufa, ina shiga filin haƙorana suka fara kaɗawa don sanyi. Jama'a sun watse, shi kaɗai na tarar zaune, riga a juye, hannunsa kamar ƙanƙara. Na tambaye shi labarin baƙin nan masu amsa amin, ya ce ba wanda ya waiwaya ya dube su sai shi kaɗai.

Da la'asar ruwa ya sauka, gero ya tashi, kowa ya samu. Baba kuwa bai sake jin ɗumi ba, ko bargo ko wuta, har muka kai shi makwancinsa kafin girbi. Bai taɓa faɗin abin da ya gani ba, ni ma har yau abin na ci mini rai.

Don Allah, in kun fita roƙon ruwa da tsofaffinku, ku tsaya kusa da su. In kun ji amin ta fi yawanku, kada ku bari su waiwaya.