Takalman Yaya Sani a Reshen Kanya

A bazarar farko bayan an ƙirƙiro Jigawa, wata Asabar da hantsi, na tsinci kaina kwance rubda ciki a kogin Gwaram, sandar ganyen gwanda a bakina, idanuna cikin tabaron masu walda. Ban wuce shekara goma ba. Babana yana tsaye a gefena, ruwa iya gwiwarsa, yana cewa in ja iska ta baki, in manta ina da hanci.

Direba ne, daga Birnin Kudu zuwa Kano yake lodi. Sau ɗaya wani Alhaji ya ɗauke shi shata zuwa Ikko, wato Legas, ya ga Turawa a bakin teku sun sa gilashi da bututu suna leƙen ƙarƙashin ruwa, su da 'ya'yansu. Tun da ya dawo maganar ba ta bar bakinsa ba. Da aka yi hutun makaranta ya ce mu ma za mu je namu hutun, ai muna da tsibiri. Ya samo tabaron a gareji, ya liƙe gefensa da robar tsohon tib na taya, ya yanko sandunan gwanda a bayan gida, don cikinsu rami ne. Ni murna nake, kwana biyu ba ɗiban ruwa, ba yankan ciyawar awaki. Inna kuwa ta ɗaure mana ƙuli da dabino a leda, ta shige ɗaki. A wannan kogin wana Sani ya nutse shekara biyu kafin nan, da ya je wajen kakanninmu, kuma ba a ga gawarsa ba.

Tsibirin ba wani abu ba ne, tudun farin yashi ne a tsakiyar ruwa, da ciyayi da sawun tsuntsaye. Mutanen wajen suna da al'ada: duk mai tsallakawa zai rataye takalminsa a wata kanya da ke gaɓa, idan yamma ta yi a duba a san wanda bai fito ba. Ba a sauke takalmin wanda bai fito ba, sai in an haƙura da shi. Da muka je rataye namu na ga silifas ɗin Yaya Sani a reshe na sama, rana ta cinye launinsu. Baba bai kalle su ba. Kakata ta taɓa ce masa ya sauke a yi wa yaro sadaka, ya ce shi bai ga gawa ba.

Gaskiya ƙarƙashin ruwan ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Komai kore-kore, haske yana rawa a kan yashi, ƙananan karfasa suna zuwa har bakin gilashi su tsaya suna kallona. Amma shirun ne bai yi mini ba. Ba ka jin komai sai numfashinka cikin sandar, kamar wani ne yake yi a bayan kunnenka.

Bayan azahar, mun ci ƙulinmu, Baba ya zagaya da ni bayan tsibirin, inda ruwa ya yi baƙi bai motsi. Gurbi ake ce wa wajen, ko masunta ba sa jefa taru a ciki. Ya ciro igiyar ɗaure kaya ta mota, ya ɗaura a ƙugunsa, ya miƙo mini ɗaya bakin. A nan na gane ba hutu muka zo ba.

"Kada ka shigo, ko me ka gani," in ji shi. "Ka dai riƙe."

Na zauna a yashi ina bin kan sandar gwandan da ido. Tana tafiya a hankali, ta tsaya, ta ci gaba. Tsuntsayen da ke kuka suka yi tsit. Can sai ta tsaya cak a tsakiyar gurbin, ta daɗe, sannan ta kwanta a kan ruwa ta fara yawo ita kaɗai. Igiyar ta miƙe a hannuna, ana janta ƙasa, ba fizga ba, a hankali, yadda yaro ke jan rigar babansa a kasuwa. Na kafa dugadugaina a yashi na ja, ina kuka ina salati, har tafin hannuna ya saɓule.

Ya fito yana tari, ya kwanta yana aman ruwa. Da ya samu numfashi ya kama kafaɗata ya girgiza ni.

"Ban ce kada ka shigo ba? Ƙafafunka na gani kusa da ni."

Na nuna masa wandona. Ya bushe ƙayau tun cin ƙuli. Ya shafa shi, ya daɗe yana kallon ruwan.

Da muka tsallako ya sauke takalmina, ya sauke nasa, ya tsaya. Sai ya miƙa hannu reshen sama ya sauko da silifas ɗin. Ni ya ba riƙo. Ana tsakiyar bazara, ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba, amma a jiƙe suke sharkaf. Ni ban yi karatu mai nisa ba, ban san bayaninsa ba, abin da hannuna ya taɓa nake faɗa. Da muka isa gida Inna ta karɓe su ta shiga ɗaki. Juma'ar da ta biyo aka daka gumba aka yi wa Sani addu'a, Baba a sahun gaba.

Yanzu tifofi sun kwashe yashin, tsibirin babu shi, kanyar ma an sare. Baba ya rasu. 'Ya'yana suna nuna mini masu nutso a teku cikin waya, ruwa garau, kifi kala-kala, suna cewa yaushe zan kai su. Nakan ce Allah ya kai mu. Shi dai nawa uban ya kai ni, kuma ni na dawo da shi gida.