Injin Yana Gaba

Baba Gana dillalin atamfa ne a Kantin Kwari. Motarsa Bosuwaja, wadda yaran Fagge ke kira kunkuru, ta girmi duk 'ya'yansa. Abokinsa Obadiah, tela a Sabon Gari, doguwar Fijo 504 yake ja. Tun suna samari musunsu ɗaya ne.

"Mota ba ta shan ruwa, inji a baya, me za ka gaya mini?" in ji Gana.

"Akwatin ashana!" in ji Obadiah. "Tawa har keken ɗinki take ɗauka."

Da Obadiah ya rasu bara, 'yarsa Julie ta kawo wa Gana makullin Fijon. "Baba, ya ce kai za ka kai shi Wusasa, a motarsa."

Gana bai yi kuka ba. Aka kwantar da kujerun baya, aka shigar da akwatin gawar, ya kama hanyar Zariya, Julie na gefensa. A Kwanar Dangora ya tsaya, inda ya saba barin kunkurunsa ya sha iska. Ƙafafunsa suka kai shi bayan mota, ya ɗaga murfi zai duba inji. Sai ga akwatin.

Ya daɗe a tsaye, hannu a sama.

"Baba, injin yana gaba," in ji Julie a hankali.

"Na sani."

Yanzu motocin biyu suna ƙofar gidansa. In aka tambaye shi wacce ta fi, sai ya ci gaba da goge gilashi.

"Ba da ku nake musun ba."