Neman Ɗaki da 'Ya a Hannu

Na haura shekara talatin lokacin da na samu gurbin karatu a jami'a a Katsina. Mijina bai daɗe da rasuwa ba, 'yata kuma ba ta isa shiga firamare ba. Danginsa suka ce in bar musu ita in tafi bokona, na ƙi. A ɗakin kwanan ɗalibai aka ce ba a zama da yara. Sai na shiga gari neman haya, ina riƙe da hannunta.

Aka haɗa ni da wani dillali, dattijo mai tsohon babur. Yana gaba, mu muna biye a Keke mai ƙafa uku, daga Ƙofar 'Yandaka har Ƙofar Kaura. Duk gidan da muka shiga sai an gaisa an sake gaisawa, a tambayi hanya, a tambayi gajiya da mutanen gida, sannan a zo kan tambayar da ake jira, wato ina maigidan. In na ce ya rasu, sai a yi masa addu'a mai tsawo, daga nan a tuna cewa jiya jiyan nan aka ba wani ɗakin.

Da dillalin ya gaji, sai ya ja ni gefe ya ce, "Malama, ki ce yana aiki Abuja mana. Wa zai bincika?"

Na san taimakona yake so ya yi. Amma yarinyar tana tsaye tana jin mu, kuma ta san inda aka kai babanta. In na faɗi haka, dole in koya mata ta riƙa faɗa wa yaran unguwa cewa yana nan tafe. Na ce masa ba zan yi ba, in ya gaji ya nuna mini wani dillalin.

Gidan da ya fi kwanta mini a rai na wani Alhaji ne a Ƙofar Kaura, ga famfo a tsakar gida, ga inuwar dalbejiya. Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba ya ba mace ɗaki ita kaɗai, mutane za su yi magana, sai dai in kawo yayana ko kawuna ya tsaya mini.

Na ce, "Alhaji, kawuna ba shi zai kwana a ɗakin ba. Ni zan zauna. Duk abin da kake son sani, ga ni, ka tambaye ni."

Bai tambaya ba. Na yi masa sallama yadda ya kamata, na fito. Muka hau Keken muka bar unguwar.

Mai Keken ne ya ce akwai wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli a Batagarawa, ɗanta ya tashi ya bar ɗaki. Muka je. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, abin da ta tambaya kawai shi ne da mi nake girki, don ba ta son hayaƙi kusa da ɗakinta. Na ce gawayi. Ta ce in shigo da kayana.

Ba zan yabi ɗakin ba. Babu famfo, sai mun jira mai garuwa, wani lokaci har in makara lacca. Kuma da rani na kama shi, ban ɗaga kai na dubi rufi ba. Ruwan farko na damina ya jiƙa katifa da takardun da nake shirin jarrabawa da su. Aka ce in jira kafinta, na jira har na gaji. Na ari tsani, na ɗaure zanena sosai a kan wando, na hau da gwangwanin kwalta. Maƙwabta suka fito kallo. Wani ya ce wannan ba aikin mata ba ne, na miƙo masa gwangwanin daga sama, ya yi kamar bai gani ba. Na liƙe ramukan na sauko. Tsohuwar tana dariya har da riƙe ciki.

A ɗakin nan na gama digirina. Ranakun da nake da lacca tun safe, yarinyar tana wajen tsohuwar, har ta iya mulmula ƙuli-ƙuli.

Yanzu ina koyarwa a cikin gari, kuma duk shekara sai an turo mini wata daga garinmu da ta samu gurbi, wasu da goyo. Nakan ce musu su dubi silin kafin su dubi fenti, maganar ruwa kuma su tambayi matan maƙwabta, kada su tsaya ga bakin dillali. Su kuma je bakin titi da safe su ga ko ana samun abin hawa zuwa makaranta. In an ce su koma gida su bar karatun sai yara sun girma, nakan ce su zo su sauka wajena tukuna, gobe mu fita nema tare.