Tsinken Kwallin Inna Saude

A Karare, duk wanda bai haura shekara arba'in ba, hannun Inna Saude ne ya fara taɓa shi a duniya. Ita ce ungozomar garin. Da ta yanke cibi ta yi wa jariri wanka, sai ta ciro tandun kwallinta, ta lashi tsinken don kwalli ya kama, ta zizara masa a ido. Tsinken gadon uwarta ne, kuma ba a taɓa wanke shi ba, don kada albarka ta bi ruwa.

Jariran Karare sun saba yin kwantsa a makon farko. Saude ta ce hasken duniya ne bai karɓe su ba tukuna. A tatsa nono a idon, a ƙara kwalli.

Da Mahfuza, matar ɗanta Ya'u, ta haihu, jikan ya sami kwalli safe da yamma, saboda gata. Kwana uku idanunsa suka kumbura, suka rufe ruf, mugunya na tsattsafowa. A kwana na shida Ya'u ya ɗauki mai jego da jaririn zuwa asibiti a Batsari. Saude ta bi su, don ta ji abin da 'yan boko za su ce.

Ma'aikaciyar jinya, Malama Ramlat, ta ɗaga fatar idon da auduga, ta dubi Saude.

"Inna, me ake sa masa?"

"Kwalli, 'yar nan."

"Da wane tsinke?"

Saude ta zaro shi tana taƙama.

"Wa aka sa wa kafin shi?"

"Ɗan gidan Labaran. Shi ma idonsa ya yi, amma..."

"Kafin shi fa?"

Saude ta buɗe baki. Sunaye suka zo mata a jere, har da Fanta mai ƙosai, mai ido ɗaya, wadda ita Saude ce ta karɓi haihuwarta. Ba ta faɗi ko ɗaya ba.

"Wataƙila wajen haihuwa ya ɗauki ciwon," in ji Ramlat. "Amma tsinken nan, Inna, gida-gida yake kai shi."

Aka yi wa jaririn allura, aka kwantar da su kwana biyar ana wanke idon ana ɗiga magani. Na hagu ya buɗe tar. Na dama ya buɗe da farin tabo a tsakiya. Likita ya ce an makara.

Mutanen Karare suka yi ta zuwa jaje, suna cewa ƙaddara ce, ai ba wanda ya kai Inna Saude iya kula da jariri. Tana zaune a ƙofar ɗaki da jikan a cinya, suna addu'a, ta kasa cewa amin.