Muryar Baba a Cikin Filashi

Edita, a bar ni in fallasa kaina ko wani zai tsira. Shekara uku da suka wuce ni ce mai buga takardu a wani ofis a Dutse, ina zaune a Yalwawa, kuma a danginmu kaf ni ce "mai kwamfuta". Sunan ya hau mini kai. Shi ya sa da Baba ya rasu aka bar mini amanar abu mafi tsada a gidanmu: muryarsa. Wata guda kafin rasuwarsa na ajiye waya tana naɗar murya kusa da shimfiɗarsa a Ringim, ya yi sallama, ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya yana sa mana albarka. Wayar ta lalace, ya rage kwafi ɗaya tak a laftof ɗina. Duk zuwana gida sai Inna ta ce in kunna mata Malam.

To, laftof ɗin nan bairos, wato cutar kwamfuta, ya cinye shi, in ka kunna sai ka dafa shayi kafin ya buɗe. Wata abokiyar aikina 'yar Filato ta ce in koma Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta wanda kowa ke da damar saukewa kyauta, har ma ya yi masa gyara. Ta haɗa mini shi a filashi ɗaya, 'yar na'urar ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ta ce in kwashe kayana a wani, amma don Allah in buɗe su a wata kwamfutar in tabbatar kafin in goge komai. Na ce mata haba Madam, ni za a koya wa kwafi? Na ja folda na jefa a filashi, na zare ban ko leƙa ba. Ranar Asabar da hantsi na sa ɗayan filashin, aka tambaye ni ko a share duk abin da ke cikin laftof, na danna eh da ƙarfina.

Ranar Litinin na soka filashin ajiyar a kwamfutar ofis. Wayam! Sai wasu alamomi masu 'yar kibiya, in ka danna ba sa buɗe komai. Kunya ta hana ni gaya wa Madam. Ranar nan kuma Yaya Babba ya kira, ya ce Juma'a in zo da kwamfuta, Inna ba ta jin daɗi kuma muryar Malam take tambaya. Na ce masa insha Allahu, alhali na san ƙarya nake. Kwana uku sabon tsarin ko kallonsa ba na son yi.

Ranar Alhamis na ce bari in goge filashin banzan nan in huta da ganinsa. Na soka shi a laftof ɗina, sai ga foldata zaune daram, komai na ciki. Ashe bairos ɗin ɓoye su ya yi ya bar alamomin bogi, shi kuwa Linux bai san wannan wasan ba, abin da ke ciki yake nuna maka. Na danna muryar da na naɗa, Baba ya yi gyaran murya. Ihun da na yi sai da maƙwabciyata ta shigo ba mayafi. Da na gaya wa Madam gaskiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce yanzu wa za a koya wa kwafi?

Yau ni ke sa wa mutane Linux a ofishinmu, kuma ba na taɓa kwamfutar kowa sai ya buɗe ajiyarsa a gabana a wata na'urar, ya kuma aika kwafi wani wuri. Masu karatu, sabon tsari ba abin tsoro ba ne, girman kai ne abin tsoro. Sa'a ce ta cece ni, ba iyawa ba, kada ku jira irin tawa. Muryar Baba yanzu tana wayar kowane ɗansa.

Juma'ar da Yaya Babba ya ce in zo na isa Ringim, na ajiye laftof a gefen katifar Inna na kunna. Baba ya yi sallama. Inna ta gyara ɗankwalinta, ta amsa masa.