Bango Ba Ya Jin Kunya

A asibitin nan, Anti ce shugabar sashen da ake wanke almakasai da wuƙaƙen tiyata, a turara su a inji. Tun tana budurwa take wurin, sabulu ya cinye mata tafin hannu. Ba ta da hayaniya, amma idan ta kafe, gara ka je ka tura dutse.

Da aka tashi gina sabon sashe, mai zanen gini ya shimfiɗa takardarsa a kan tebur. Ɗakin wanki a nan, ɗakin naɗe kaya masu tsabta a can, datti ya shiga ta gaba, tsabta ta fita ta baya. A tsakanin ɗakunan biyu ya saka 'yar ƙofa, saboda Baba, dattijon ma'aikacin sashen, ya roƙa. Baba ne ya koya wa Anti aikin tun daga riƙe burushi. Yanzu gwiwoyinsa sun gaji, kuma in babu ƙofar, sai ya zagaya doguwar baranda, ya sauya riga da takalmi, sannan ya shiga.

Anti ta ce a toshe ƙofar, kada datti ya tsallaka ɗakin kaya masu tsabta. Mai zane ya ce ai za a liƙa sanarwa cewa an hana wucewa ba tare da sauya riga da takalmi ba. Dariya ta yi, don ta san mutanenta sarai. Wace ma'aikaciya ce za ta dubi mai furfura, ko da safar hannunsa na ɗigar ruwan wanki, ta ce masa ya koma? Kai za ta sunkuyar, ta ce masa sannu da aiki.

"Ni za ki gina wa katanga, 'yar nan?" in ji Baba.

"Baba, ni ina jin kunyarka. Bango ba ya ji."

An kai ruwa rana. Abokan aiki suka ce butulu ce, ta samu kujera ta manta wanda ya ɗora ta. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, har ta shiga banɗaki ta yi kukanta. Ta wanke fuska, ta fito, ta sake cewa a toshe.

Aka gina bango har sama, da tagar gilashi a tsaka. Tun daga ranar Baba bai ƙara ce mata 'yar nan ba, sai shugaba. Ta cikin gilashin take hango shi yana jan ƙafa zai zagaya. Ta sa aka ajiye masa benci a kwanar baranda. Bai taɓa zama a kai ba. Ita ma ba ta sa an fasa bangon ba.