Verla da farar waya

Shekara arba'in muna maƙwabtaka da Verla Etchart a gindin duwatsun Bighorn, ban taɓa ganin hannun wani a sitiyarin a-kori-kurarta ba. Ita ke jan tirelar doki zuwa makiyayar tudu idan ciyawa ta fito, ita ke sauko da ita idan sanyi ya leƙo. Tana da shekara saba'in da huɗu ranar da ta taka birki a gangaren rafi tirela ta ƙi ji. Tirelar ta yi ta ingiza motar har suka shige shingena, godiyarta Juniper tana haniniya a baya.

Washegari ɗanta Royce ya iso daga Casper, ya miƙa mata tafin hannu.

"Mama, makullin."

"Ajiya ka ba ni?"

"Bakanike ya gwada akwatin birkin sau uku, lafiyarsa lau. Ƙafarki ce ta gaji, Mama."

"Ƙafar da ta goya ka ita ce yau ta gaji? Kai yaro, janye min hannun nan."

Akwatin ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin sitiyari, shi ke tura wuta zuwa birkin tirela. Muddin komai na haɗe, fitilarsa na ci. Verla ta rantse ta ga fitilar ta mutu a gangaren. Ba wanda ya yarda, har ni. Royce ya ba ta zuwa Lahadi ta miƙa makullin.

Kwana uku ina hango takalmanta sun leƙo daga ƙarƙashin tirela. Ta kankare soket, ta bi shuɗiyar waya taƙi-taƙi, ta kwance tayoyi. Fitila na ci abinta, kamar mai yi mata dariya.

Ran Lahadi da hantsi ta kira mu duka biyu.

"Bakaniken naka da ya gwada, wa ke cikin tirelar?"

"Ba kowa mana."

"To zauna a mota, ka zuba wa fitilar ido."

Ta jawo Juniper. Tsohuwar godiyar ta hau, ta nufi kusurwar hagu inda take tsayawa shekara ashirin, katako ya yi ƙara a ƙarƙashinta. Ana rufe ƙofa ta saki fitsari, yadda ta saba.

"Mama!" in ji Royce daga mota. "Ta mutu!"

"Wa? Ƙafata?"

A ƙarƙashin wannan kusurwar aka ɗaure farar waya da jikin ƙarfe, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Fitsarin shekara ashirin ya cinye notin, saura tsatsa ja kamar garin barkono. In tirela ba kaya, wayar na taɓa ƙarfe. Da nauyi ya hau, sai ta ɗaga.

Da hannunta ta huda sabon wuri can gaba, inda ruwan Juniper ba ya kaiwa, ta ɗaure wayar tamau. Royce ya sosa ƙeya.

"Duk da haka, da kin bari na riƙa kai ki."

Ta miƙa masa bokiti da buroshi. "Ga abin da za ka riƙa. Wanke min ƙasan tirelar nan."

Da la'asar na tsaya gyaran shingena, na ga ta doso gangaren da Juniper a baya. Tirela ta bi ta a hankali, kamar ɗan rago bayan uwarsa. Daidai inda ta ɓalla min itace ta ja birki, ta tsaya cak, ta sauke gilashi.

"Kai ma ai ba ka yarda ba," ta ce. "Wancan turken ya karkace."